Dogon allon SUP na hawan igiyar ruwa: yadda ake karanta lambobinsa da zaɓen fikafikansa kafin a biya kuɗi

A shafin kantin intanet da ke sayar da kayan wasannin teku, mai karatu zai iya cin karo da alluna biyu a jere. Tsawonsu ɗaya, launinsu ɗaya, kuɗinsu ma kusan ɗaya. A ƙarƙashin na farko an rubuta 10'0 x 32" x 160L, a ƙarƙashin na biyu kuma 10'0 x 28" x 120L. Ga wanda bai san harkar ba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma idan sabon shiga mai nauyin kilo 80 ya ɗauki na biyun, zai iya shafe watanni yana faɗawa ruwa kafin ya hau igiya ɗaya tak. Idan kuwa na farkon ya ɗauka, da wuya ya yi mako biyu bai fara jin daɗin abin ba.

Lamarin ya yi kama da sayen waya. Wayoyi biyu za su iya zama girmansu ɗaya, amma ɗaya na da RAM da ya ninka na ɗayar, kuma wanda bai karanta bayanan ba sai ya kai gida yake gane abin da ya saya. Sai dai ita waya ana iya sa ta a aljihu a mayar wa mai kanti. Allo mai tsawon mita uku kuwa, wanda sabonsa kan haura dala dubu ɗaya, wani ma ya kai dubu biyu, ba ya komawa cikin sauƙi. Kuma kuskuren zaɓe a nan bai tsaya ga asarar kuɗi ba, domin a cikin teku ake gano shi.

Mene ne SUP, kuma daga ina ya fito?

SUP gajeren suna ne na wasan da mutum ke tsayawa a kan allo mai yawo a ruwa, yana tuƙa shi da dogon filafili irin na kwalekwale. Akwai masu yinsa a tafki don motsa jiki, akwai masu tsere da shi, akwai kuma masu hawan igiyar teku da shi. Wannan rukuni na ƙarshe shi ne abin dubawa a nan.

Gidan wasan shi ne tsibiran Hawayi na Amurka. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, samarin da ke koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a gaɓar Waikiki kan tsaya a kan allo da filafili a hannu, domin su hango ɗalibansu da kyau kuma su ɗauke su hoto ba tare da kyamara ta jiƙe ba. Ana yawan ambaton John Ah Choy da 'ya'yansa Leroy da Bobby a cikinsu. A farkon shekarun 2000 ne Laird Hamilton da Dave Kalama, gwanaye biyu na hawan manyan igiyoyi a tsibirin Mawi, suka farfaɗo da abin, daga nan ya bazu duniya. A 2008 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta sanya allon SUP a jerin jiragen ruwa idan aka fita da shi daga wuraren wanka da na hawan igiya. A 2012 kuma hukumar ISA ta shirya gasarsa ta duniya ta farko a ƙasar Peru.

A cikin allunan hawan igiya akwai gajeru masu kaifin juyi, akwai kuma dogaye. Dogon allo, wanda yawanci yake tsakanin ƙafa 9 zuwa 11, an yi shi ne don tafiya mai santsi, da juyi mai faɗi, da kuma takawa a kansa daga wutsiya zuwa hanci yayin da igiya ke ɗauke da shi. Shi ne ya fi dacewa da ƙananan igiyoyi, daga masu kai wa gwiwa zuwa masu kai wa kafaɗa, kuma irinsu ne suka fi yawa a mafi yawan gaɓoɓin duniya a mafi yawan ranaku.

Lamba ta farko: lita

Harafin L da ke ƙarshen lambobin nan na nufin lita, wato yawan ruwan da allon zai ture idan aka danna shi gaba ɗaya ƙarƙashin ruwa. Ƙa'idar tsohuwa ce, ta Arkimidis: abu na yawo ne idan nauyin ruwan da ya ture ya kai nauyinsa. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce, ta ruwan teku kuma kusan kilo 1.025 saboda gishiri.

A ɗauki mutum mai kilo 80. A ƙara nauyin allon kansa, a ce kilo 10, da filafili da jiƙaƙƙun kaya, a ce kilo 2. Jimilla kilo 92 ke nan. Idan aka raba 92 da 1.025, za a samu kusan lita 90. Wato duk allon da bai kai lita 90 ba, nutsewa zai yi ƙarƙashin ƙafafun wannan mutum idan ya tsaya cak. Allo mai lita 160 kuwa zai bar lita 70 a saman ruwa, kuma wannan rarar ce ke yafe wa sabon shiga kurakuransa.

Masu harkar na da wani sauƙaƙan lissafi: a ninka nauyin mutum da wata lamba gwargwadon ƙwarewarsa. Sabon shiga ya ninka da 2. Wanda ya iya kama igiya da juyawa ya ninka da kusan 1.5. Gwani na iya sauka zuwa 1.3 ko ƙasa da haka. Ga mai kilo 80, sakamakon shi ne lita 160, da 120, da 104. Wannan ma'auni ne na jagora kawai. Mai yawan shekaru, ko dogon mutum sosai, ko wanda tekun garinsu ke yawan rikicewa da iska, gara ya ƙara lita 10 zuwa 15 a kan abin da lissafi ya ba shi.

Yawan lita ma na da nasa illar. Allon da ya yi wa mutum yawa yakan yi tsalle-tsalle a saman ruwa kamar tulun roba da babu kowa a ciki, iska na kaɗa shi, kuma da wuya mai shi ya iya danna gefensa cikin igiya don ya juya. Don haka lita 200 ba ita ce mafita ga mai kilo 65 ba.

Faɗi da tsawo

Lambar tsakiya, mai alamar inci, ita ce faɗin allo. Ita ce ta fi kowace lamba tasiri a kan ko mutum zai iya tsayawa ba tare da rawar ƙafa ba. Inci 32, kusan santimita 81, ya dace da mafari. Inci 30 na matsakaici ne. Inci 28 zuwa ƙasa na waɗanda suka goge ne. Inci ɗaya kamar ba komai ba ne a kan takarda, amma wanda ya sauka daga 31 zuwa 29 zai ji bambancin a cinyoyinsa tun minti goman farko.

Faɗi na da farashi. Juyi a kan igiya na faruwa ne idan aka kishingiɗar da allo a gefe ɗaya, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon nisan da ƙafar baya za ta yi kafin ta kai gefen da za ta danna. Shi ya sa faffaɗan allo ke da nauyin juyawa.

Tsawo kuwa shi ke ba da gudu a lokacin tuƙi. Dogon allo na tafiya nesa da bugun filafili ɗaya, yana riƙe hanya miƙe, kuma yana kama igiya tun kafin ta miƙe tsaye. Ƙafa 10, wato santimita 305, ita ce tsaka-tsakin da kamfanoni irin su Starboard da Naish da Sunova suka fi yawan ƙerawa a wannan rukuni. Ƙafa 9 ya fi saurin juyi, ya fi sauƙin ɗauka. Ƙafa 11 ya dace da mai jiki ko wurin da igiyoyi ke da rauni ƙwarai. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: wurin ajiya da sufuri. Kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa karɓar kayan da suka kai mita uku, don haka mai niyyar tafiya da allonsa ya duba dokar kamfanin tun kafin ya saya.

Abubuwan da lambobi ba sa faɗa

Alluna biyu na iya zama lambobinsu ɗaya sak amma halinsu ya bambanta, saboda siffa. A yau yawancin masu ƙera allo na zana shi ne a manhajar kwamfuta irin Shape3D ko AKU Shaper, injin yanka mai aiki da kwamfuta ya fitar da siffar, sannan a gyara da hannu. Manhajar ce ma ke lissafa litar da ake rubutawa. Abubuwa huɗu ne ya kamata a duba a hoto, musamman hoton da aka ɗauka daga gefe.

Na farko, lanƙwasar allo daga hanci zuwa wutsiya, irin ta ayaba. Allo mai ƙarancin lanƙwasa ya fi gudu a ƙaramar igiya, amma hancinsa na saurin nutsewa idan igiyar ta yi tsaye. Mai yawan lanƙwasa ya fi zama lafiya a igiya mai tsayi, sai dai yana da nauyin tuƙawa.

Na biyu, gefuna. Siririn gefe na yanka ruwa ya riƙe fuskar igiya. Kakkauran gefe na ƙin nutsewa. Alluna masu kyau kan tara kaurinsu a tsakiya, inda ake tsayawa, su sirance a gefe. A kusa da wutsiya kuma ana son gefen ƙasa ya yi kaifi, domin ruwa ya saki allon da sauri.

Na uku, hanci. Faffaɗan hanci mai ɗan kwarmi a ƙarƙashinsa kamar cokali yana ɗaga gaban allo idan mutum ya taka zuwa can. Wanda burinsa tsayuwar hanci ne, wannan yake nema.

Na huɗu, wutsiya. Mai tsini ko zagayayya na riƙe ruwa, tana ba da juyi mai santsi. Mai kusurwa huɗu na ba da ɗagawa da gudu a igiya mara ƙarfi, kuma ta fi daɗin tsayuwa.

Da me aka yi shi?

Cikin yawancin allunan SUP farin soso ne da ake kira EPS, irin wanda ake kare sabon firji ko talabijin da shi a cikin kwali. Ana lulluɓe shi da zaren gilashi da gam ɗin ifoksi. Masu tsada kan ƙara siririn falle na katako ko na PVC a tsakani don ƙarfi, ko zaren kabon don rage nauyi. Bambancin kilo biyu na bayyana sosai a lokacin juyi da lokacin ɗauka zuwa bakin ruwa, amma mafari, wanda filafilinsa zai yi ta bugun gefen allo, ya fi buƙatar ƙarfi a kan rashin nauyi.

Wannan soso na da halaye uku da ya kamata mai shi ya sani. Yana shan ruwa idan fatar allon ta huje, don haka da an ga tsaga sai a fito a shanya a toshe. Iskar da ke cikinsa na kumbura da zafi, shi ya sa ake sa masa ɗan hancin numfashi, kuma barinsa a rana ko cikin rufaffiyar mota na iya raba fatar da soson. Ga mazauna ƙasashe masu zafi wannan babban abu ne. Sannan gam ɗin foliyesta, wanda ake gyaran wasu alluna da jiragen ruwa da shi, narkar da EPS yake yi. Ifoksi kaɗai ake gyara shi da shi.

Akwai kuma allunan da ake hura wa iska, masu naɗewa su shiga jaka. Sun fi araha, sun fi sauƙin aikawa, kuma suna da kyau a tafki da ƙananan igiyoyi. Amma kaurinsu kan kai inci 5 ko 6, gefunansu zagayayyu ne, ba sa yanka ruwa. Wanda hawan igiya ne ainihin burinsa, ƙaƙƙarfan allo ya fi masa.

Fikafikai: ƙaramin abu mai babban aiki

A ƙarƙashin wutsiyar allo akwai fiffike ɗaya ko fiye, mai kama da na bayan kifi. Allunan Hawayi na dā ba su da shi, mahayi kan ja ƙafarsa a ruwa ne don ya karkata. A 1935 Tom Blake ya ciro wani ƙarfe daga ƙarƙashin wani tsohon jirgin ruwa mai gudu ya ɗaura wa allonsa a Waikiki. A shekarun 1960 George Greenough ya fito da siririn fiffike mai lanƙwasa da ya kwaikwayo daga kifin tuna, kuma da irinsa Nat Young ya ci gasar duniya ta 1966 a San Diyego. A 1980 Simon Anderson na Ostareliya ya jera fikafikai uku masu girma kusan ɗaya, zaman duwatsun murhu, ya kira tsarin Thruster. A 1981 ya ci manyan gasanni uku da shi, ciki har da ta Bells Beach, kuma cikin 'yan shekaru tsarin ya mamaye gajerun alluna.

Aikin fiffike irin na fiffiken jirgin sama ne. Idan wutsiya ta so zamewa gefe, ruwa na bugun fiffiken a karkace, sai ya tura ta ta koma. Wannan turjiya ce ke mayar da zamewa ta zama gudu zuwa gaba. A SUP yana da ƙarin aiki: tunda a gefe ɗaya ake buga filafili, kowane bugu na karkatar da hancin allo zuwa ɗaya gefen, kuma fiffike ne ke rage wannan karkata.

Dogon allon SUP kan zo da gurbi uku ko biyar, wanda ke ba da damar tsari huɗu.

Fiffike ɗaya tilo, mai zurfin inci 8 zuwa 10. Tsohuwar ƙa'idar masu dogon allo ita ce inci ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon allo. Ya fi kowane tsari ƙarancin ja, ya fi daɗin tuƙi, kuma yana danne wutsiya idan mutum ya taka zuwa hanci. Rauninsa shi ne, a faffaɗan allo, idan aka kishingiɗa sosai fiffiken na kusantar saman ruwa, wutsiya ta iya kuɓucewa.

Tsarin 2+1, wato na tsakiya mai inci 6 zuwa 8 da ƙanana biyu a gefe masu kusan inci 4. Ƙananan ne ke cizon ruwa idan an kishingiɗa. Shi ne tsarin da yawancin dogayen alluna ke zuwa da shi, kuma shi ya fi dacewa da wanda bai riga ya san abin da yake so ba.

Tsarin Thruster, uku masu kusan inci 4 da rabi. Yana ba da juyi mai kaifi daga wutsiya, amma allon na yawan karkata a tuƙi kuma tsayuwar hanci na wahala.

Tsarin huɗu, biyu a kowane gefe, babu na tsakiya. Yana da gudu kuma yana riƙe igiya mai tsayi. Ya fi yawa a gajerun alluna, kuma sai allo mai gurbi biyar ke karɓarsa.

Bayan adadi akwai siffa. Fiffike mai tsayuwa tsaye na juyawa a wuri ɗaya kamar ƙofa a kan hinji. Mai kwantawa baya na ba da dogon juyi mai faɗi. Faffaɗan gindi na ƙara turi. Na tsakiya gefensa biyu iri ɗaya ne, amma na gefe ɓangaren cikinsu a shafe yake, na waje kuma a kumbure. Wannan na nufin akwai na dama, akwai na hagu. Sa su a juye kuskure ne da sababbi ke yawan yi, kuma allon zai yi ta ja kamar mota da birki a ɗaure.

A duba gurbin kafin a sayi fiffike

Kamar yadda cajar iPhone ta dā ba ta shiga wayar Android, haka fikafikai ke da tsarin gurbi mabambanta. Gurbin tsakiya yawanci doguwar kwarya ce da ake kira ta Amurka, a kantuna ana rubuta US. Ta samo asali ne daga ƙirar Bill Bahne ta ƙarshen shekarun 1960, kuma ana ɗaure fiffike a cikinta da sukuru ɗaya da ɗan falle na ƙarfe. Gurabun gefe kuwa ko dai na FCS ne ko na Futures, kuma fiffiken ɗaya ba ya shiga gurbin ɗayan. A 2013 FCS ya fito da FCS II, wanda ake dannawa ba tare da sukuru ba. Tsohon fiffiken FCS mai haƙora biyu na iya zama a sabon gurbin idan aka ɗaure shi da sukuru, amma sabon fiffike ba ya shiga tsohon gurbi.

Kwaryar tsakiya na da wata fa'ida ta kyauta: ana iya matsar da fiffike gaba ko baya. Gaba na sa allo ya sassauta, ya yi saurin juyi. Baya na sa ya miƙe, ya riƙe ruwa. Santimita ɗaya ko biyu ta isa a ji canji.

Hanyar gwaji mafi inganci ita ce wadda masu rubuta manhaja ke bi wajen neman kuskure: a canza abu ɗaya kawai a lokaci ɗaya. A fara da 2+1, fiffiken tsakiya a tsakiyar kwarya. A hau igiyoyi kamar goma. Idan allon ya yi taurin juyi, a matsar gaba. Idan wutsiya na zamewa, a matsar baya. Sai idan matsarwar ta kai ƙarshe ba a samu biyan buƙata ba sannan a canza girma. Wanda ya canza wuri da girma da na gefe duk a rana ɗaya, ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi aikin ba. A riƙa rubuta sakamakon a waya tare da yanayin tekun ranar. Kuma a ajiye ƙarin sukuru da falle, domin idan suka faɗa yashi sun tafi ke nan.

Filafili da talala

Filafilin hawan igiya ya fi na yawon tafki gajarta, yawanci daidai tsayin mutum ko sama da kai kaɗan, domin a durƙushe ake tuƙi. Ƙaramin baki ya fi babba, saboda ana buƙatar bugu gajeru masu sauri kuma yana sauƙaƙa wa kafaɗa. Na kabon ya fi na alminiyam rashin nauyi da tsada. Mafari ya fara da mai daidaituwa, ya gano tsawon da ya dace da shi kafin ya yanke na dindindin.

Talala ita ce igiyar robar da ke haɗa ƙafar mutum da wutsiyar allo. A cikin igiyar teku miƙaƙƙiya ake so, mai tsawon allon, mai kauri kamar milimita 7 ko 8. Naɗaɗɗiya irin wayar tsohon tarho na iya fizgo allon ya dawo kan mai shi. Masu takawa zuwa hanci kan ɗaura ta ƙasan gwiwa don kada su taka ta.

A kogi ko duk ruwa mai gudu, ƙa'idar ta sauya. Talalar ƙafa na iya sarƙewa da wani abu ta danne mutum a ƙarƙashin ruwa, hannunsa bai kai ga kwance ta ba. A can, ta ƙugu mai saurin kwancewa ake sawa tare da rigar ceto. A watan Oktoba na 2021 wani haɗari da ya auku a wata madatsa da ke kogin Cleddau a garin Haverfordwest na yankin Wales ya yi sanadin mutuwar mutum huɗu, kuma rahoton hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya ya nuna cewa ba a bi wannan shawara yadda ya kamata ba.

Wayar hannu ma na da rawar takawa

Manhajoji irin Surfline da Windy na nuna hasashen teku. Bayan tsayin igiya, a dubi tazarar daƙiƙoƙi tsakanin igiya da igiya. A ruwa mai zurfi, igiya mai tazarar daƙiƙa 8 tsawonta kusan mita 100 ne, mai daƙiƙa 14 kuwa ya haura mita 300. Shi ya sa igiyar mita ɗaya mai doguwar tazara ke isowa gaɓa da ƙarfin da ya zarce abin da tsayinta ya nuna. A dubi iska kuma. Wadda ke busowa daga tudu zuwa teku na gyara fuskar igiya, amma mutumin da ke tsaye a kan allo kamar tuta yake, tana iya tura shi can ciki ya kasa dawowa.

Ga mai son ganin wasan ido da ido a Afirka ta Yamma, ana hawan igiyar ruwa a Tarkwa Bay da ke Legas, da Busua a Ghana, da tsibirin Ngor a Dakar. Shahararren fim ɗin nan The Endless Summer na Bruce Brown an ɗauki ɓangarensa a ƙasashen nan uku tun shekarun 1960. Gaɓar yankin na da ruwa mai ja, kuma allo ba ya maye gurbin iya iyo. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Akwai kuma ladabi. Mai SUP na hango igiya kafin kowa, yana kama ta kafin kowa, abin da ya jawo tsamin dangantaka da masu ƙananan alluna a wurare da dama. A gaɓar San Onofre ta Kalifoniya har sai da aka keɓe wa masu filafili ɓangarensu. Allo mai kilo 10 a ƙarshen talala mai mita uku na iya kai wa duk wanda ke cikin mita shida. Mai koyo ya nemi wurin da babu jama'a.

Kafin a biya

Allon farko ba lallai ya zama sabo ba. Na hannu na da araha, kuma mutane da yawa na sayar da nasu ne kawai don sun sauka zuwa ƙarami. A ɗaga shi a ji nauyi, domin nauyi fiye da kima alamar ya sha ruwa ne. A danna samansa da tafin hannu a nemi wuri mai laushi. A duba tsaga a kewayen gurabun fikafikai da maɗaurin talala da mariƙin hannu. Inda ake bayar da haya, awa ɗaya a kan allo ta fi karanta shafi goma.

Ga mutumin nan mai kilo 80 da aka fara da shi, amsar ta fito: ƙafa 10, faɗin inci 31 ko 32, lita 150 zuwa 160, tsarin 2+1 da fiffiken tsakiya mai inci 7 ko 8, da miƙaƙƙiyar talala mai ƙafa 10. Siririn allon nan mai lita 120 zai jira shi zuwa baɗi, kuma a lokacin akwai wani sabon shiga da zai saye na farkon a hannunsa.